Sharhina kan maket ɗin Richelieu 1/350: jikin jirgin ya yi, amma wurin ƙananan bindigogi sai ka tsaya da ƙafarka

Wata huɗu cif na yi a kan wannan jirgi, jiya bayan isha'i na manna bindiga ta ƙarshe, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani tun yana sabo a kaina, tunda akwai 'yan'uwa biyu uku a Marwa da Kuseri da Injamena da suka fara sha'awar wannan harka ta haɗa maket, wato ƙaramin samfurin abu da ake harhaɗawa da hannu, kuma kullum tambayarsu ɗaya ce, wai kayan ya ci kuɗinsa ko bai ci ba.

Kayan dai maket ne na roba na jirgin ruwan yaƙin Faransa mai suna Richelieu, ma'aunin 1/350, kuma a jikin kwalin an rubuta siffar 1943 ce. Ƙanena da ke karatu a Faransa ya saya min, ya ba wani mai dawowa gida, daga Yawunde ya biyo jirgin ƙasa zuwa Gaundare, sannan motar ajans ta ƙaraso da shi nan Garwa. Kwalin ya ɗan lotsa ta kusurwa ɗaya amma ciki lafiya lau. Idan na haɗa kuɗin kayan da na hanya da fenti da kol na mannawa ya haura jaka sittin na sefa, ba ƙaramin kuɗi ba ne a wurina. Jirgin gaskiya tsawonsa ya kusa mita 248, ke nan maket ɗin yana fitowa wajen santimita 71, ya kusa cinye teburina. Ku riƙe wannan lissafin don za mu dawo kansa: mita ɗaya a jirgin gaskiya bai kai milimita 3 ba a nan, mutum tsayayye kuwa milimita 5 ne, kamar ƙwayar shinkafa.

Abin da ya sa na zaɓi wannan jirgi ba wani ba, tarihinsa ya taɓa Afirka ya kuma taɓa mu ta wata fuska. A Brest aka ƙera shi, da Jamus ta mamaye Faransa a watan Yunin 1940 sai ya tsere zuwa Dakar ba a ma gama shi ba. A watan Yuli jirgin saman Ingila ya sakar masa tofido, wato bam mai tafiya a cikin ruwa, a can tashar Dakar ɗin. To a watan Agusta na wannan shekara ne gwamna Félix Éboué ya ce Cadi ta bi Janar Digol, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Jamus, ranar 26 ga wata, washegari kuma hafsan Digol mai suna Leclerc ya karɓi Duwala, Kamaru ita ma ta bi. Amma Dakar ta tsaya tare da gwamnatin Vishi, wato gwamnatin Faransa da ta miƙa wuya ga Jamus, kuma da Digol da Turawan Ingila suka zo ƙwace ta a ƙarshen Satumba, wannan jirgi yana cikin waɗanda suka buɗe musu wuta har suka haƙura suka juya. Wato lokacin da ake ɗibar kakanninmu soja a nan don su bi Digol, shi yana can yana harbin Digol ɗin. Sai bayan da Amurka da Ingila suka sauka a arewacin Afirka a Nuwamban 1942 ya koma ɓangarensu. Ni da na girma ina jin labarin kakana da ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Binuwai lokacin da jirage ke hawowa Garwa da damina, duk abin da ya shafi jirgin ruwa yana jan hankalina, balle wannan.

Bari in fara da abin yabo don hakkinsu ne. Jikin jirgin ɓari biyu ne kuma sun haɗu ƙam, ɗan cike kaɗan na yi ta wajen goshi. Daɓen sama an fitar da layin katako siri-siri gwanin sha'awa. Manyan igwa takwas masu bakin milimita 380, waɗanda suke cikin ɗakuna biyu masu juyawa duk a gaba, huɗu huɗu, sun fito da kwarjininsu, kuma wannan ne abin da kowa ke fara gani in ya shigo ɗakina. Igwa tara masu milimita 152 da ke baya cikin ɗakuna uku su ma ba laifi, haka tagwayen nan shida masu milimita 100 da ke tsakiya, uku dama uku hagu, kowacce da raminta da aka huda mata, ba ka da abin yi illa ka zura ka manna. Bututun hayaƙin nan nasa mai lanƙwasa baya wanda aka haɗe da hasumiyar baya, shi ma sun kama siffarsa. Da a nan aikin ya tsaya da na ce kowa ya je ya saya ido rufe.

Matsalar tana wurin abin da ya mai da shi jirgin 1943. A ƙarshen Janairun 1943 ya bar Dakar, a Fabrairu ya isa Niyok, aka shigar da shi ma'aikatar jiragen sojan ruwa ta Burukilin. Can aka canza masa bakin igwa uku da suka lalace da na ɗan'uwansa Jean Bart wanda ke Kasablanka. A wannan shekarar kuma aka raba shi da harkar ɗaukar jirgin sama gaba ɗaya, aka kwashe tsofaffin bindigogin kakkaɓo jirgi na Faransa masu milimita 37 da 13.2, aka zuba masa na Amurka: Bofors mai milimita 40, mazauni 14, kowanne baki huɗu, baki 56 ke nan, da Oerlikon mai milimita 20 guda 50, kowacce ita kaɗai a kan ƙafarta. Kuma kowane mazaunin Bofors da nasa darakta, wato na'urar da ke ba shi saiti, wadda ake kira Mk 51. Duk wanda ya ce zai haɗa siffar 1943 to wannan ne aikin, sauran duk share fage ne, kuma a nan ne takardar bayanin da ke cikin kwalin ta bar ni a tsakiyar hanya.

Na farko, hasumiyar gaba. Asalin jirgin yana da daraktoci uku a ƙolinta, ɗaya bisa ɗaya kamar an jera kwanuka. Na ƙasa shi ne babba, na manyan igwa, yana ɗauke da madubin auna nisa mai faɗin mita 14. Yadda abin yake aiki kamar idon mutum ne, ido biyu ke sa ka gane nisan abu, to in ka raba idanun da tazarar mita 14 sai ka auna nisan jirgin da ke can bakin sama. A maket wannan hannu ya kamata ya kai wajen milimita 40, na sa rula na auna, ya yi daidai. Amma a cikin kwalin dukkan ukun suna nan, hoton takardar kuma ya nuna su a jere, ni kuwa na bi takarda na manna su duka har na yi fenti. Sai bayan sati biyu ina duba hotunan da sojan ruwan Amurka suka ɗauka lokacin da jirgin ya fito daga gyara na ga kamar hasumiyata ta fi tasu tsawo. Ashe na can ƙolin an sauke shi tun ranar shigarsa don jirgin ya iya wucewa ta ƙarƙashin gadar Burukilin, kuma ba a mayar da shi ba, kayan rada mai hango jirage daga nesa aka ɗora a saman. Ke nan duk wanda ya sa uku ya kuma sa Bofors ya haɗa jirgin da bai taɓa hawa ruwa ba. Raina ya ɓaci sosai ranar, don na amince da takardar ne. Da reza na bi a hankali na yanke shi, na goge wurin da sanfefa mai laushi, na sake fenti, tabon bai ɓace duka ba amma sai wanda ya kawo ido kusa.

Na biyu kuma shi ne ya fi ci min lokaci, Bofors da daraktocinsu. Jerin mazaunan goma sha huɗu haka yake: biyu a gefen ɗakin igwa na biyu, wato wanda ya ɗara tsawo, ɗaya dama ɗaya hagu, sai huɗu a kewayen hasumiyar gaba, biyu kowane gefe, huɗu a kewayen ta baya, sannan huɗu can a daɓen baya inda da ake harba jirgin sama. Bahon da kowanne ke zama ciki an ba da shi, adadin ya cika. Amma daraktocin wasu 'yan ƙullutai ne kamar kan ashana, ba siffa ba komai, kuma a takardar kibiya ce kawai aka ja daga nesa ta faɗa wani wuri a kan daɓe, babu rami babu alama, wasu ma kibiyar ta ɓuya bayan hoton hasumiya ba ka ganin inda ta sauka. Wanda bai san mene ne amfanin abin ba zai manna shi duk inda ya ga fili, ko ma ya bar shi a jikin firam ɗin roba ya ce ai ƙarami ne ba mai lura.

To ba ƙarami ba ne, shi ne idon bindigar. Mk 51 wani ɗan ginshiƙi ne da mutum ɗaya ke tsayawa a bayansa ya riƙe hannuwa biyu kamar kan moto, a samansa akwai akwatin madubin saiti Mk 14 wanda Charles Stark Draper na jami'ar MIT ya ƙirƙiro. Mutumin yana bin jirgin saman da madubi, abin da ke cikin akwatin yana lissafa saurin juyawar ya faɗa nawa za a sha gaban jirgin, kamar yadda maharbi ke sakin kibiya gaban tsuntsu ba a kansa ba, sai wutar lantarki ta juya bindigar da kanta ta bi. Dalilin da ya sa aka raba shi da bindigar kuwa, baki huɗu kowanne yana aman harsashi wajen 120 a minti, hayaƙi da girgiza ba za su bar wanda ke zaune a kanta ya ga komai ba. Shi ya sa ake ajiye daraktan a gefe, kusa amma ba manne ba, yawanci a ɗan sama, cikin nasa ɗan bahon, inda zai ga duk sararin da bindigarsa ke iya juyawa. In ka gane wannan, ka riga ka san inda ba zai taɓa zama ba: ba zai zauna gaban bakin bindiga ba, ba zai zauna bayan bango ko ƙarƙashin kwale-kwalen ceto ba.

Akwai maƙwabcinmu dattijo, tsohon soja ne ya yi aiki ɓangaren igwa kafin ya yi ritaya, Baffa muke ce masa. Wata rana da la'asar na fito da jirgin zaure don haske, na gama huɗun baya ina jin daɗi, na ce Baffa ku zo ku gani. Ya sa tabarau ya sunkuya ya daɗe bai ce komai ba, can ya nuna da tsinken sakace ya ce, “Ɗana, wannan ɗan abin ba shi ka ce yana ba ta saiti ba?” Na ce shi ne Baffa. Ya ce, “To ya aka yi bindiga ta kalli kogi shi kuma ya kalli gari?” Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na karkata bindigogin waje don su yi kyau a ido, daraktocin kuma na manna su duk suna kallon gaba. Tunda bindiga bin darakta take, in kana nuna su a bakin aiki dole fuskarsu ta zama ɗaya, in kuma a hutu suke to duka su zauna a hutu. Shi bai taɓa hawa jirgin ruwa ba amma ya san mai saiti da mai harbi ba sa raba alƙibla. Daren nan na ɓamɓare huɗun na gyara.

Daga nan na canza yadda nake aiki gaba ɗaya, kuma ita ce shawarar da zan ba duk mai shirin saye. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a 1/350 kimar ido ba ta isa, kuskuren milimita ɗaya ya kai santimita 35 a jirgin gaskiya, milimita uku kuwa ya haura mita, kuma da yake komai bibbiyu ne dama da hagu, da ɗaya ya goce ɗan'uwansa zai tona shi. Na manna siririn tef tun daga goshi har baya a kan layin tsakiya, duk abin da zan sa sai na auna daga wannan layi zuwa gefe, in kuma auna daga wani abu da ba ya motsi kamar gindin hasumiya ko bakin ɗakin igwa, in ɗiga alama da fensir mai tsini a ɓangarorin biyu kafin in taɓa kol. Hotunan sama na 1943 na sauke a telefon na kai aka buga min manya a kanti, sai in auna tsawon jirgin a hoton in raba da 71, in sami adadin da zan riƙa juya kowane awo da shi. Hoto ɗaya ba ya isa saboda karkatar kamara, sai na gwada biyu ko uku sun yarda da juna. Kuma ban ƙara manna komai da sufa gulu kai tsaye ba, farin kol na katako nake fara ɗigawa, yana ba ka minti biyar ka gyara zama, in ka yi kuskure ɗan ruwa ya sake shi. Kafin ya bushe sai in juya bindigar da hantsaki in ga ko bakin zai bugi wani abu ko zai leƙa hasumiyar jirgin kansa. A jirgin gaskiya akwai abin da ke yanke harbi in baki ya juyo kan jikin jirgi, to bai kamata a maket ka bar ta tana nuna ɗakin da kyaftin ke tuƙa jirgin ba.

Daraktocin kwalin dai ban yi amfani da su ba. Na yi odar wasu na daban waɗanda aka buga da injin 3D, tare da faifan tagulla mai ɗauke da shingaye da garkuwar bindigogi, na jira sati shida kafin su iso. Waɗannan kam har hannuwan riƙewa da akwatin madubin ana gani. Hantsaki da gilashin ƙara girma wurin wani mai gyaran agogo a babbar kasuwa na samu, ya sayar min da tsofaffin nasa, kuma sun fi duk wanda na gani a intanet kama abu.

Oerlikon hamsin ɗin nan su ne gwajin haƙuri. Tara suna jere a daɓen gaba bayan katangar da ke tare igiyar ruwa, huɗu a kan rufin ɗakin igwa na biyu, tara a kan tsohon ɗakin ajiye jirgin sama a baya, sauran an warwatsa su a hasumiyoyi da daɓen tsakiya. Kowacce a maket ba ta wuce milimita 6 da ɗan abu ba. Na kwalin bakinsu ya yi kauri, in ka juya lissafin sai ka ga kamar bututun ruwa ne ba bindiga ba, kuma an ba da hamsin cif babu rara ko ɗaya, alhali duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san sai hantsaki ya fizge wata ta yi tsalle. Tawa ɗaya ta faɗa kan tabarma, ni da ɗiyata muka kashe fanka muka bi saƙar tabarmar layi layi da tocilan telefon, ita ta gano ta maƙale a gefen kaba, ta ɗauko min a kan ɗan yatsa da ta jiƙa da miyau. Abin lura wurin sa su, ita Oerlikon ba ta da darakta a gefe, mutum ne ke sa kafaɗunsa a cikin mariƙinta ya juya ta da jikinsa, wani kuma yana canza mata gangar harsashi mai cin 60. Ke nan dole ka bar fili a bayanta, aƙalla milimita 3 zuwa 4, inda mutum zai tsaya ya kewaya har ya kwanta baya in jirgin ya zo ta sama. Takardar ta sa wasu sun jingina da bango ta yadda ko yaro ba zai shiga ba, na matsar da su gaba kamar yadda hoto ya nuna. Kuma kada ka ɗauki hoton bayan yaƙi ka haɗa da na 1943, don daga baya an yi ta rage Oerlikon ana sauya jerin, har zuwa lokacin da aka sayar da jirgin aka farfasa shi a Italiya a 1968. Shekara ɗaya za ka zaɓa ka tsaya a kanta.

Wani abu da masu rubuta takardar ba su san da shi ba shi ne yanayinmu. Na fara a Disamba cikin hunturu, ƙura tana shiga ko ta ina, in ka yi fenti ka bar shi a buɗe minti goma sai ka tarar daɓen ya yi gari, kuma cikin bahon Bofors in ƙura ta kwanta ba ta fita. Kwalin talabijin na samu nake kifa masa. Da aka shiga Maris kuma zafi ya haura digiri 40, kol ɗin roba yana bushewa a bakin buroshi kafin ya kai wurin, fentin ruwa haka. Sai na mayar da aikin ƙananan kaya bayan sallar asuba zuwa ƙarfe bakwai, lokacin hannu bai fara gumi ba, ga hasken safiya ko babu kuran. Kada kuma ku bar shi kusa da taga ko a ɗakin kwano da rana, siraran sandunan hasumiya suna lanƙwashewa.

To ya ci kuɗinsa? Wurin jiki da manyan igwa ya ci har da ƙari, zan ba shi takwas cikin goma. Wurin ƙananan bindigogi da daraktoci da takardar bayani, huɗu ma na yi masa adalci, saboda sun rubuta 1943 a kwali amma sun bar daraktan da aka sauke, sun kuma bar mutum yana lalube a kan goma sha huɗun da suka fi muhimmanci. Wanda bai taɓa haɗa maket ba kada ya fara da wannan, ya nemi ƙaramin jirgi tukuna. Wanda ya saba kuma ya saya, amma ya ware kuɗin daraktoci da Oerlikon na daban tun farko ya yi odarsu tare, don kada ya zauna jiran sati shida kamar ni, ya kuma buga hotunansa kafin ya yanke ko da guntu ɗaya daga firam. Yanzu saura min igiyoyin rediyo da tuta, kuma na ba mai gilas na kartiyenmu awo, santimita 80 da 20 da 25, ya ce ranar Asabar akwatin zai fito.